Busar Yayana a Gonar Dawa

Edita, ina gaishe ka da masu karatu. Na daɗe ina karanta abin da ya sami wasu a wannan fili ina girgiza kai, yau dai na ga ya kamata in fito da nawa. A shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasa, lokacin Kontagora tana ƙarƙashin Sakkwato, ni saurayi ne ɗan duba-gari. Ina da kaki mai shan guga da keke mai ƙararrawa, ina shiga gidaje ina leƙa randa da masai, mata kuwa in sun hango ni sai su hau ɓoye tukwane. Ni ne na fara yin boko a gidanmu, abin kuma ya hau mini kai ba kaɗan ba. Mu Kambari ne daga wani ƙauye kusa da Salka. Mahaifinmu ya rasu tun muna yara, Inna kuma ta koma gidan wanta, wato kawuna, can take zaune tana kaɗin auduga, idanunta suna ta raguwa.

Mu biyu ta haifa, ni da yayana. Shi tun yana matashi ya bi motar gyaɗa ya faɗa Ikko, aka daina jin ɗuriyarsa. Sai bayan samun 'yancin kai ya dawo da wani akwati baƙi, a ciki akwai ƙahon ƙarfe mai lanƙwasa da ake kira saksofon, irin babban nan mai kaurin murya da makaɗa ke ce wa teno. Ya shiga cikin makaɗan wani otal da ke kusa da tashar mota, inda direbobin Ikko da Sakkwato ke yada zango. Abin rawa suke kaɗawa, amma ran Asabar in an gaji da rawar sai su bar masa fili ya busa abin da yake kira jaz. Ni ina ɗan makaranta a lokacin, ta jikin katanga nake saurare, ban kuma gane komai ba, na dai san gashin jikina yana tashi. Kawu bai taɓa yafe masa wannan sana'a ba, yakan ce ɗan ƙanwarsa ya zama maroƙin mashaya. Inna ba ta taɓa jin busarsa ba ko sau ɗaya, domin ba wurin da mace irinta za ta taka ba ne, shi kuma kunyar kawu ba ta bar shi ya kawo ƙahon ƙauye ba. Ciwon shawara ya ɗauke shi gab da rikicin da ya watsa mutane kafin yaƙin basasa. Mai otal ɗin ya koma ƙasarsu, makaɗan suka watse, ƙahon ma ban san hannun da ya faɗa ba.

Wata rana aiki ya kai ni wannan otal, wanda a lokacin ya koma gidan haya. Ina duba wani sito saboda ɓeraye sai na ci karo da wani faifai na roba mai faɗin tafin hannu biyu, an naɗe masa wani siririn zare mai sheƙi, ruwan ƙasa. Tsohon kukun otal ɗin, wanda ya zama mai gadin gidan, ya gaya mini cewa maigidansa yana da rikoda, kuma duk Asabar yakan ajiye ta kusa da makaɗa ta ɗauka. Ya ce fayafayen suna da dama, amma da maigidan zai tafi kowa ya ɗebi abin da hannunsa ya kai. Na kai faifan wurin wani malamin makarantar mishan da ke da irin wannan rikoda, ya ɗora, ya murɗa. Da farko hayaniyar mutane ce da ƙarar kwalabe, sai ga yayana ya shigo da busa. Wallahi a ƙasa na zauna da kakina mai guga.

Daga ranar na zama wani mutum daban. Duk wanda aka ce ya taɓa aiki a otal ɗin sai na nemo shi. Na sami faifai ɗaya a wurin wani direba da ya rataye shi a gaban motarsa don ado. Na bi mai gangarsu har Zungeru, na same shi yana ɗinki, ya ba ni nasa yana hawaye. Wata mata da ta yi musu wanki ta fito da wani daga ƙarƙashin gado, ta ce ita ta zaci kayan tsibbu ne shi ya sa ba ta yar ba. Na sayi akwatin ƙarfe ina jera su. Da na je gida na raɗa wa Inna cewa na samo muryar ɗanta, kuma na yi mata alkawari za ta ji. Ta riƙe hannuna ta ce yaushe. Na ce ta ɗan ƙara haƙuri sai na haɗa su duka. Haka na yi ta ce mata, damina ta wuce, rani ya wuce, ita kuwa tana ƙara tsufa a gabana. Kullum akwai wani faifai da aka ce yana Mashegu ko Kaboji, ni kuma raina ya kafe a kan sai akwatin ya cika.

Ana cikin haka aka tura ni kwas Kaduna, farkon damina. Ɗakina yana yoyo, ga gara, ga abokan zama masu hannun ɓarna. Na ga babu wurin da ya fi gidan kawu aminci, sai na ɗauki akwatin na kai masa. Da ya tambaye ni mene ne a ciki, sai na ɓoye masa gaskiya. Na san in na ce busar otal ce zai iya cewa ba za ta kwana a gidansa ba. Sai na ce masa tarkacen ofis ne, tsofaffin zaruruwa marasa amfani, ya dai jefa su wani wuri kada su tare masa hanya. Ko Inna ban gaya mata ba, don kada bakinta ya suɓuce. Ya sa aka ɗora akwatin a kan rumbu, na hau mota hankalina kwance, ina ganin na yi wayo.

Na dawo dawa ta fitar da kai, tana gab da nuna. Ranar kasuwar Salka na sauka, na kama hanya a ƙafa. Tun daga nesa na hango gonar kawu tana wani irin walƙiya, iska na kaɗawa ana jin wani zuuu kamar na ƙudan zuma. Da na matso sai na ga an kafa sanduna an ja zare mai sheƙi daga wannan kusurwa zuwa waccan, layi bayan layi, a saman dawar. Na kai hannu na taɓa. Jama'a, ban san lokacin da jakata ta faɗi ba. Busar yayana ce aka shanya wa rana da ruwa don korar tsuntsaye. Na waiga gonar maƙwabci, ita ma haka, ta gaba da ita ma haka.

Da gudu na shiga gida, ko sallama ban yi da kyau ba. Kawu yana ƙarƙashin ɗorawa yana gyaran lauje, ya tare ni da fara'a, har yana sa mini albarka. Ya ce bana tsuntsayen janbaki sun zo kamar za su cinye ƙasar, yara sun yi ihu har muryarsu ta dushe, sai ya tuna da tarkacen da na ce ba su da amfani. Ya buɗe, ya gwada ɗaya, tsuntsaye suka ƙi sauka. Maƙwabta suka gani suka roƙa, shi kuma ba mutumin da zai hana maƙwabci abin ceton amfanin gona ba ne, ya rarraba musu. Ina tsaye, ga faɗa cike da bakina, amma wa zan yi wa? Da bakina na ce masa tarkace ne. Sai kawai na durƙusa na gaya masa gaskiya tun daga farko, Inna kuma tana bakin ɗakinta tana jin komai. Ta ajiye mazarinta ta tambaya ko wannan zuuu da take ji kullum in ta fita ɗan nata ne.

Na ɗauka kawu zai yi fushi da busar. Ashe da ni zai yi. Ya ce shi ya ƙi sana'ar yaron, amma bai taɓa ƙin yaron ba, a kafaɗarsa ya yi wayo. Ya tambaye ni wane irin mutum na ɗauke shi da zan kawo masa abin mamaci in ce shara ce. Wannan magana har yau tana ci mini rai. Bai tsaya nan ba, ya miƙe ya bi gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Ku tuna fa dawa ba ta gama nuna ba, tsuntsaye suna nan, cire zaren nan yana nufin a koma tsaron gona tun asuba. Duk da haka babu wanda ya yi musu. Washegari aka fito kamar ranar gayya, maza suna kwance zare daga sanduna a hankali, ni ina bin su ina roƙo kada a ja, har wani tsoho ya ce in na ƙara cewa a hankali zai ɗaure ni da shi. Aka maye gurbinsa da gwangwanaye da tsummoki. Kawu da kansa ya koma hawa kan dakali a gona yana kora da majajjawa, da furfurarsa.

Abin da aka tattaro ya cika ƙwarya da yawa, a cukurkuɗe, wani ya tsinke, wani rana ta miƙar da shi ya zama kamar igiyar rama. Mata suka zauna a tsakar gida suna warwarewa, suna gogewa da tsumma mai laushi, suna naɗewa a fayafayen. Inna ce ta fi kowa daɗewa a kai. Ba ta gani sosai, amma yatsunta sun saba da zare, ta ƙi kuma yarda kowa ya karɓe ta. A ƙasan akwatin na tarar da faifai biyu da ba a kai ga taɓa su ba, kawu ya ce ya ajiye su ne saboda baɗi. Na kwashi sauran na kai wa wani mai gyaran rediyo a kasuwar Kontagora, ya yanke wuraren da suka mutu da reza, ya haɗa da salatif. Fiye da rabi ya tafi har abada. Abin da ya rage kuma, wani wurin busar tana ninkaya, wani wurin sai ta yi tsalle daga wannan waƙa ta faɗa wata. Wannan karon ban jira komai ba. Na je na durƙusa wa malamin mishan ya ara mini rikodarsa, na sayi batura, na rungume ta a cinya a bayan a-kori-kura har Salka.

Da la'asar muka kunna, a tsakar gida. Rabin ƙauyen ya zo, har da waɗanda aka cire wa zare a gona, sun ce sai sun ji abin da suka ba da dawarsu dominsa. Da busar ta fara yara suka tuntsire da dariya, wata tsohuwa ta ce wannan ai kukan saniya ne mai neman ɗanta. Kawu ya zauna can gefe ya ba mu baya, amma bai tashi ba. Inna ta sa aka matso mata da rikodar har gwiwarta. Fuskarta ba ta nuna komai ba, har na fara jin tsoron ba ta gane shi ba, duk wahalar ta tashi a banza. Can sai ta ɗaga hannu ta ce in mayar baya kaɗan. Na mayar. Ta ce in ƙara. Ashe ba busar take bi ba. Tsakanin busa da busa akwai inda yake jan numfashi, da wani ɗan siririn fito a ƙarshensa, abin da ni da na saurara ba adadi ban taɓa lura da shi ba. Ta ce haka yake numfashi tun yana goye a bayanta, da wannan fiton take sanin ya yi barci. Ta ce shi ne, ɗanta ne. Sai a lokacin ta yi kuka, ni ma na yi, amma nawa na samun sauƙi ne, don na ji an sauke mini wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi. Mun yi ta mayarwa har baturan suka mutu.

Inna ba ta ga daminar da ta biyo ba. Duk lokacin da na tuna cewa saura ƙiris ta tafi ba ta ji shi ba, alhali yana rataye a gonar da ke bayan ɗakinta, sai jikina ya yi sanyi, sannan in yi hamdala. Allah ne ya rufa mini asiri, ba dabarata ba. Ina kira ga masu tara kayan tarihi irina, da duk wanda ke riƙe da wani abu na mamaci. In za ku ba da ajiya ku faɗi gaskiyar abin da kuka ajiye, ko da kuna tsoron fuskar mai karɓa, domin sau da yawa dattijon da kuke gudu ya fi ku sanin darajar abin. Kada kuma ku ce sai abu ya cika kafin ku kai wa mai shi. Tun ranar da na tsinci faifan farko ya kamata in kai wa Inna. Ita ba cikakken akwati take jira ba, numfashi ɗaya ya ishe ta.