Ranar da na hana Gwaggo tafiya da 'yata

Ku matso kusa ku ji, 'ya'yana. Kun san ni da surutu, amma wannan labarin na daɗe ina haɗiye shi.

Shekarun baya, a nan unguwar Sabo ta Ibadan, ni ce 'yar fari a ɗakin mahaifiyata. Ana yaye ni aka ba gwaggona riƙona, yayar babana, mai tuwon sayarwa a inda ake sauke goro. Layi biyu ne kawai tsakaninta da gidanmu. In tuwo ya yi gudaji, muciya a gadon bayana. In na yi gyangyaɗi a wanke-wanke, ranar ba ni ba abinci. Ran da na ɓarar da miya, ludayin ƙarfe ta zaro daga tukunya ta manna mini a tsakar ka. Ina shekara bakwai fa! Mahaifiyata in ta gan ni a hanya sai ta kau da kai, wai kunyar ɗan fari. Maƙwabta kuma, "Tarbiyya ce, gaba za ta gode."

Na girma, na auri wani mai ɗaurin huhun goro, mutum mai sanyin hali, na haifi mace. Sai yaƙi ya tashi, sojoji a hanya, jita-jita kullum, mutane suna ta haɗa kaya zuwa Arewa. Gwaggo ma ta ce ta tashi. Ta shigo ɗakina ta zauna.

"Yarinyar nan ta isa yaye. Ranar Asabar zan tafi da ita, ta riƙa taya ni aiki."

Kun san me na ce? "To, Gwaggo." Har ruwa na kawo mata, da durƙuso. Ni da bakina ba ya hutawa ko a kan kuɗin daddawa!

Washegari Iya mai kitso ta zo, Bayarabiya ce da ke auren Bahaushe wajen unguwar Mokola. Kullum ita ke rufe mini tabon da kitso, kullum ina ce mata faɗuwa na yi. Ranar tana tsaga gashin hawaye ya ɓalle mini.

"Ke 'yar nan, ni fa ba yarinya ba ce," in ji ta. "Wace faɗuwa ce ke zana bakin ludayi?"

Na kwashe komai na gaya mata. Ba ta ce in yi haƙuri ba, kuma ita ce mutum ta farko da ba ta faɗi haka ba. Ta ɗaga zani ta nuna mini nata tabon a ƙauri. Sai ta ajiye tsinken kitso.

"Rabin kan nan ba zan kitsa ba. In maigidanki ya dawo, kar ki ɗaura kallabi."

Maigidana ya dawo ya ga tabon. Sai ya ce, "Shekara huɗu muna tare, kina ɗauke da wannan ke kaɗai?"

Asabar Gwaggo ta zo da babana da mata biyu 'yan rakiya. Na goya 'yata na ɗaure tamau. Iya tana zaune a kan turmi, wai ta zo ƙarasa kitso. Na ce, "Ba inda za ta."

"Marar kunya! A kan 'yar fari kike buɗe baki? Ni da na rene ki?"

Na zare kallabi na sunkuyar da kaina a gaban babana. "Baba, ga renon."

Maigidana ya matso ya tsaya a gefena. "Gwaggo, kin ji abin da ta ce. Mu je in kai miki kaya tasha."

Ta tafi babu 'yata, tana zagi har zaure.

Shekara biyu ana nuna ni a biki, wai ga wadda ta tsinka zumunci. Ita da ta ƙona yarinya ba wanda ya nuna ta. Wannan har yau yana ci mini rai. Mahaifiyata ta rasu ba mu taɓa yin maganar ba. Na yafe mata, amma da kyar. Abin da ya warkar da ni kuwa, duk ranar kitso ni da Iya mukan zauna mu faɗi namu, mu yi kuka, mu ƙare da dariya.

'Yar tawa yanzu jikoki gare ta. To ku, yaron da ake riƙo a layinku, wanda kuke jin kukansa ta katanga, kun taɓa kiransa kun tambaye shi?