Ranar da aka tambaye ni ko ina son 'yata

Na daɗe ban ce komai ba. Da wayar yayata nake rubuta wannan.

Ban gama wankan jego ba na fasa wa wata kai da guga a bakin rijiya, don ta kira jaririyata shegiya. Alƙali ya tura ni gidan gyaran yara.

Ranar tafiya wata ma'aikaciya ta tambaye ni a gaban Inna, "Kina so a bar miki 'yar?"

A ƙauyenmu, can wajen Bici, uwa ba ta nuna son 'yar fari, ko sunanta ba ta faɗa. Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "To, ba ta so." Inna ta goya ta suka tafi.

Nono ya yi ta zuba yana jiƙa min riga. Barci ya ɗauke. Na fara jin kukanta a bayan katanga. Sai na ɗaure filo a baya da zani, ina jijjigawa.

Yaran ɗakinmu suka sa min Maman Filo. "Maman Filo, ɗan naki ya yi kashi!" Mai kula da mu ta fizge filon ta ce, "Da aka ba ki ta gasken ai ƙi kika yi, munafuka."

Na daina ci, na daina magana. Aka ce aljanu ne, aka yi min hayaƙi har na shiɗe.

Sai da na faɗi aka kai ni asibiti. Aka ɗebi jini, aka sa min ruwa. Likita ta ce ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Ta ce, "Ya sunan 'yarki?" Na buɗe baki, kuka ya fito.

Baba ya sayar da akuyarsa ya sayi magani. Bai zo ba.

Da aka sallame ni daga gidan gyaran yara na koma gida, na tarar 'yar tana tafiya. Na miƙa hannu, ta ruga bayan Inna tana ihu. Har yau Hansai take ce min, kamar kowa.

Ina shan magani, ina barci. Na gode wa Allah, na gode wa likitar nan da yayata.

In kuka ga mai jego ta yi shiru, ku kai ta asibiti. In za ku tambayi yarinya, ku fitar da uwarta tukuna.

Sunanta Safiya. Ina son ta.