Mayafin da Sallau Ya Ɗaga

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, ana tsakiyar cin kasuwa a nan Talata Mafara, Allah Ya karɓi ran ɗana Auwalu Barau, mai gyaran talabijin, a kan hanyar Janbako. Babur ɗinsa ya zame a taɓo bayan ruwan safe, motar hatsi da ke bayansa ta kasa tsayawa. Shekarunsa talatin da huɗu. Ya bar matarsa Raliya da ɗiya guda, Hanifa, mai shekara bakwai.

Auwalu, yau ne karon farko da sunanka ya fito daga wurina. Kai ne ɗan farina, kunya ba ta taɓa barina na faɗe shi ba. Ɗan Bakura nake ce maka, don can gidan iyayena na haife ka. Ka sha yi mini tsiya, kana cewa ko likita ya tambaye ni sunan ɗana sai dai na nuna da yatsa. To, ga shi na rubuta, ba ka nan ka ji.

Ban shagwaɓa ka ba, kuma ban yi nadama ba. Ka tashi da ladabi. Ba ka shiga gidan mutum ɗaura farantin kama tashoshi ko eriya sai maigidan na tsaye, kuma kafin ka hau rufi sai ka aika maƙwabta su sani, don kada idonka ya faɗa tsakar gidan da ba naka ba. Wani tsoho makiyayi a Maradun ya kwanta shekara biyu ba ya iya zuwa masallaci. Ka ɗauki tsohuwar talabijin daga shagonka, ka haɗa ta da sola, ka kai masa don ya riƙa jin karatu. Ban ji wannan daga bakinka ba. 'Ya'yansa ne suka faɗa mini ranar sadakar uku, suna kuka kamar su aka yi wa rashi.

Abu ɗaya muka yi ta jayayya a kansa, talabijin mai intanet. Bara ka kawo mini ita a kwali, ka rataya a bangon ɗakina. Ka ce, "Inna, zamanin jira ya wuce. Nan gaba ba tashar da za ta ce miki ki zauna ƙarfe bakwai. Mi kike so ki gani? Ki faɗa wa rimot, ta kawo miki."

Na ce maka ni ta da nake so. Ta da tana da lokacin buɗewa da lokacin rufewa, kuma akwai babban mutum a can da ke duba abu kafin ya shigo gidajenmu. Abin da aka nuna, an nuna, ya wuce. Wagga taka ba ta barci, ba ta mantuwa, kuma duk wanda ya mallaki waya ya zama mai tasha, ko yana da tarbiyya ko ba ya da ita. Ka yi dariya ka ce, "Inna ke nan. Ko wuƙa ma sai yadda aka riƙe ta." Sannan ka nemo mini tafsirin da nake so, daga farko har ƙarshe, ina saurare ina tsinke zogale. Na ji daɗinsa, ba zan ɓoye ba. Amma ban ce maka ka yi gaskiya ba.

Kwana tara da rasuwarka, da hantsi, baƙi sun ragu, na ce wa Raliya ta kunna mini tafsirin ko zuciyata ta lafa. Malam ya shafa addu'a, karatu ya ƙare. Ba mu taɓa komai ba. Talabijin ta kawo na gaba da kanta, kamar yadda ta saba, abin da mutanen yankinmu ke kallo. Na ga taɓo. Na ga babur a kife. Na ga takalmin da na saya maka da Sallah. Wata baiwar Allah mai dawowa daga gona ta cire mayafinta, shuɗi, ta rufe ka da shi daga kai har gwiwa, kamar yadda kowane Musulmi ya san ana yi wa mamaci. Sai wani hannu ya shigo ya ɗaga mayafin daga fuskarka. Muryar mai hannun ta ce, "Jama'a ku duba da kyau, Auwalu mai talabijin ne. Ku danna ku bi tasharmu."

Raliya ta faɗi. Ni ban faɗi ba, domin na gane muryar. Sallau ne, ɗan Taibatu ta bayan layinmu. Sallau da kai ka nuna wa yadda ake buɗe tasha a intanet, da ka gan shi yana zaman banza a bakin shagonka. Hanifa ta shigo daga makaranta bayan an kashe talabijin da abin da bai kai minti goma ba.

Na aika aka kira Sallau. Bai zo ba, uwarsa ya turo. Ta durƙusa a bakin ƙofa, ta yi gaisuwa mai tsawo, sannan ta ce, "Yaya Hussaina, ki yi haƙuri don Allah. Yarinta ce. Ya ce labari ne, aikinsa ke nan."

Na ce, "Taibatu, mai 'ya'ya biyu kike kira yaro? Ya cire?"

Ta sunkuyar da kai. "Ya ce mutane na kallo ƙwarai, a bar shi ya ɗan kwana biyu."

Na ce ta tashi ta tafi, kuma kada ta bar goron da ta kawo.

Auwalu, mun yi maka wanka, mun yi maka sutura, maza sun kai ka makwancinka. Amma har yanzu fuskarka a buɗe take a bakin hanya, ga duk wanda ya ga dama, a lokacin da ya ga dama. Wannan shi ne zamanin da ka yi mini albishir da shi. Mutuwarka ba ta dame ni kamar wannan ba, don ita hukuncin Allah ce, na karɓa. Tsorona Hanifa. Ta fi ni iya rimot. Akwai irin talabijin ɗin nan a gidajen ƙawayenta, kai ka rataya musu. Rana ɗaya wasan yara zai ƙare, na gaba ya zo da kansa, yarinya ta ga ubanta.

Saboda haka ban zauna ba. Abdulrashid, ƙanen Raliya, ya koya mini yadda ake kai ƙarar bidiyo da yadda ake fita daga tashar mutum. Na rubuta a takarda, na haddace. Ina bin gidajen da ka yi wa aiki ɗaya bayan ɗaya, daga nan har Ruwan Gizo, in yi sallama, in ce ni ce uwar mai talabijin, a ba ni rimot, in kai ƙarar bidiyon, in fita daga tashar Sallau. Na shiga gida goma sha tara. Ba wanda ya hana ni. Masu biki biyu da suka ɗauki Sallau ya yi musu hoto sun fasa. Na ji an ce ya daina zuwa majalisarsu. Bai ishe ni ba.

Sallau, na san za a karanta maka wannan. Dattawan unguwa sun ce in yafe, yafiya ta fi lada. Na san haka tun kafin a haife ka. Ban yafe ba. Ka cire abin nan, ka bi waɗanda suka kwafa su cire, ka zo da ƙafarka ka durƙusa gaban Raliya. Ko ka yi haka, tsakanina da kai akwai ranar da za a nuna wa kowa aikinsa ba tare da ya zaɓa ba, kuma ba mai kashewa. Ina roƙon Allah Ya tsayar da ni kusa da kai a ranar. Ku kuma da kuka kalla kuka tura wa wasu, ku sani hannunku na cikin hannun da ya ɗaga.

Mayafin nan shuɗi ya biyo gawarka gida. Ban san sunan mai shi ba, Allah Ya suturta ta duniya da lahira, ita da zuriyarta. Na wanke shi, na rufe talabijin ɗin ɗakina da shi. Jiya Hanifa ta tsaya tana kallonsa, ta ce, "Kaka, ita ma ta rasu ne?" Na ce mata ba a ɗagawa. Ta ce to. Yarinya mai shekara bakwai ta gane.

Ya Allah, Ka jiƙan Auwalu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka rufa masa asiri kamar yadda ya kau da idonsa daga gidajen mutane. Ina miƙa ta'aziyya ga Raliya, ga dangin mahaifinsa marigayi Malam Barau, ga 'yan uwana na Bakura, da abokan sana'arsa. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya raya Hanifa, Ya tsare idonta.

Ɗan Bakura, ka huta. Gobe da safe zan shiga gida na ashirin.

Hussaina Isma'ila,
Talata Mafara.