Ƙasar da Na Ciyar

Da maigidana ya samu aikin tuƙi a Abuja, sai muka baro Zariya muka kama haya a Suleja, can bakin gari ta hanyar Izom. Bayan gidan akwai wani fili na tsohon da ya ba mu haya, jar ƙasa ce mai tsakuwa, ko ciyawa sai ta ga dama take fitowa. Ya ce in noma in zan iya, yana dariya.

Dariyar nan ce ta tunzura ni. Toka, kashin kaji, ɓawon gyaɗa, duk can nake kaiwa. Bayan girbi ba na ƙona kara, kwantar da shi nake ya ruɓe a wurin. Maƙwabta suna tsokanata wai ƙasa nake ciyarwa kamar akuya. A hankali ta yi baƙi, ta yi laushi, in ka tona da hannu har tana za ka gani. Masara, kuɓewa, rama. Albashi kan ƙare tun tsakiyar wata, filin nan ke riƙe da tukunyata.

Sai tifofi suka fara shigowa unguwa suna sayen baƙar ƙasa, ana kai wa masu shuka furanni a Abuja. Da na ji rugugin mota sai in bar girki in leƙa ta katanga. Har busasshiyar ciyawa na riƙa bazawa a kan kunyoyi don kada baƙin ya nuna. Tsoro nake ji ƙwarai.

Wata safiya na hango ɗan tsohon tare da wani direba, yana murza ƙasata a tafin hannu. Na zari mayafi na nufi zauren tsohon.

"Baba, ƙasar nan fa ni na yi ta."

Bai ɗago ba. "'Yata, filin ba inda zai je. Sama-sama kawai za su ɗiba."

"Ai saman shi ne gonar, Baba."

Suka kwashe da shebur har sai da ja ya fito. Daminar nan masarata iya gwiwa ta tsaya, ganye duk rawaya.

Ana cikin haka maigidana ya dawo yana ba ni labari, wai an zuba sabuwar ƙasa a gidan ogansa, mai kula da furanni sai mita yake, rama ta hana shi sakat, kullum sai ya tuge. Ban sani ba ko tawa ce. Na ce, in ya tuge ina yake kai ta?

Ya ce bola.