Ƙarfen da Baba Ya Gada

Shekarar da na shiga aji uku a lakwal, wato makarantar bokon Takanamat, wata Lahadi bayan yankan gero, Baba ya dawo daga asibitin Tahoua, ya zauna gindin rumbu ya ce wai ƙarfe ya yi masa yawa a jiki. Ya daɗe yana fama da kasala da ciwon gaɓoɓi, har hauya ta fara gagararsa. Ni kuwa ƙarfe kawai kunnena ya ɗauka. Washegari da ya kishingiɗa bayan azahar, na ɓalle maganaɗisun tsohuwar rediyonmu, na bi jikinsa da shi tun daga goshi har tafin ƙafa. Bai kama komai ba sai makullin da ke aljihunsa. Baba ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Hadiza, in kin samu, kai ma maƙeri shi yi min lauje."

Kakata Hajiya Kulu, wadda ta haifi Baba, ita ta ɗauki zancen da zafi, don likita ya ce ciwon gado ne: jiki ke kwasar ƙarfen abinci ya tara a hanta, ba ya zubarwa. Nan take ta ɗora wa marigayi mijinta laifi, ta ce danginsa ko bashi ba su iya mayarwa balle ƙarfe. Baba ya bari ta gama, sannan ya ce ai sai uwa ta ba da rabi, uba ya ba da rabi, ciwon ke fitowa. Hajiya ta ci gaba da kaɗa mazarinta har sai da ta ji maganin: a riƙa ɗibar masa jini lokaci-lokaci. "To mi ya hana wanzami da ƙahonshi?" in ji ta. Sati guda tana fushi da kuɗin mota.

Baba dai ya yi ta zuwa asibiti ana ɗibar jinin, damina ta gaba ya koma gona. Ranar layya kuwa ni nake cinye rabonsa na hanta, don likita ya hana shi ci, yana kallona.

Yanzu ina zaune a Tahoua. An auna mu duka, ni rabin na ɗauko, ƙanena Sani ya haɗa duka biyun, shi ke zuwa a ɗebi jininsa. In na raka shi, mukan zauna a kan benci, kowa da wayarsa. Ciwon mun fi Baba da Hajiya saninsa, amma babu mai sa mu dariya a kansa kamar su.