Kwamfutar Wara Mai Tashi da Fushi

Ana idar da sallar asuba muka bar Birnin Kebbi, ni da abokin aikina. Ni na rubuta manhajar da wata ƙungiyar masunta ke tantance mutanenta da ita ta zanen yatsa, kafin a ba su rigar kariya su shiga ruwa. Kwamfuta iri ɗaya muka kai Shanga da Wara, amma ta Wara kullum ƙorafi: tana nauyi, layi ya yi tsawo, masunta su gaji su tafi tafki ba riga. An ce matar da ke aiki da ita ba ta da sana'a sai kashewa da kunnawa. Ban taɓa ganinta ba, amma na rubuta wa shugaban ƙungiyar cewa wasa take yi da aiki, a canza ta.

Da hantsi muka isa Shanga, bayan ramukan hanya sun gama kaɗa mana kokon da muka sha. Kwamfutarsu kamar walƙiya. Mai kula da ita ya ce sola gare su, tun da aka kunna ta ba a kashe ba. A Yawuri muka ci tuwon shinkafa da miyar kifi. Kifin a bakin ruwa, tsadarsa kamar daga Legas aka kawo shi.

Mun shiga Wara bayan azahar, muka tarar da layi har gindin mangwaro. Malamar dattijuwa ce, da tabarau ɗaure da zare.

"Ɗana, wagga na'ura wata rana lahiya take tashi, wata rana da hushi," in ji ta. "In ta yi hushi sai in kashe in kunna, har ta huce."

Na yi murmushin wanda ya san komai, na rufe manhajar na sake buɗewa. Ta tashi da gudu. Na sake, ta koma kamar jaki a yashi. Ban taɓa ko harafi ɗaya ba.

Na zauna na bi diddigi. Manhajar ba ita kaɗai take aiki ba, tana aron wasu kundayen umarni da sauran manhajoji ma ke amfani da su: ɗaya mai karanta hoto, ɗaya mai gwada zanen yatsa. Duk buɗewa, kwamfutar tana sauke su a sabon wuri cikin ƙwaƙwalwarta. In aka yi rashin sa'a, sai su biyun su faɗo kan gurbi ɗaya a 'yar ƙaramar ma'ajiyar gaggawa, wannan ya ture wancan, wancan ya ture wannan, aiki ya tsaya cak. Wara ba sola, kullum da safe sai an kunna, kullum sabuwar caca. Abin da na kira wasa, shi kaɗai ke sa masunta samun riga.

Na haɗe kundayen cikin manhajar, na tsayar musu da mazauni. Muka buɗe muka rufe har la'asar, ba ta sake nauyi ba. Sannan na gaya mata abin da na rubuta a kanta, na roƙi gafara, na kira shugaban ƙungiya a gabanta na janye.

Ta gyara tabaraunta ta ce, "Tun damina nike hwaɗi. Ba wanda ya tambaye ni."

Da na isa gida na gwada tsohuwar manhajar a tawa kwamfutar, buɗewa bayan buɗewa. Ita ma tana hawa tana sauka. Ashe saurin da na yi ta alfahari da shi a ofis, sau ɗaya na auna, ranar da ta tashi lafiya. Da awo ɗaya tak na yabi kaina, da shi kuma na kusa raba baiwar Allah da abincinta.