Kwano Mai Tsaga

Rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara. Ni ban yi karatu ba, abin da na sani na addini daga bakin maigidana na ji shi. Mahaƙin rijiya ne. Mu Kirista ne, muna zaune a gindin dutsen Kufena, amma aikinsa duk a cikin birni yake.

Labari ɗaya ya fi so, na bawan Allahn nan da aka jefe saboda Almasihu, duwatsu na sauka a kansa yana roƙa wa masu jifan gafara. Ko tuwo yake ci sai ya kawo shi. Nakan ce, "Maigida, wannan ba shi da mata ne? Da yana da ita, da ya gudu." Sai ya yi ta dariya.

Wani rani aka kira shi yasar rijiya a unguwar Kwarbai. Ƙanen mai gidan, wani malami mai ɗinkin hula, ya ware masa kwano mai tsaga, ya ce kada ya sha a na mutanen gida. Na ce ya bar aikin. Ya ce, "Ai tsagar a baki take, ruwa ba ya zuba."

Rana ta huɗu, yana hutawa a zaure, guga ya faɗa rijiyar. Malamin ya shiga ɗaukowa, numfashi ya gagare shi a ƙasa. Maigida ya sauka, ya kwance igiyar da ke ƙugunsa ya ɗaura masa, aka ja. Kafin igiyar ta koma, numfashin maigida ya ƙare.

Fasto ya ce ya bi sawun wanda aka jefe. Wani dattijon Kwarbai da ya zo gaisuwa ya ce, "Ya yi shahada," ya sunkuyar da kai. Kowa ya sami abin faɗa. Ni miji na rasa. Har yau in aka ɗauko labarin nan a coci, tashi nake in fita. Kwanon kuwa ya biyo kayan aikinsa gida, na kasa yar da shi, na kasa kallonsa.

Malamin ya yi ta zuwa, ina ƙin fitowa. Sai a rani na uku ya yi sallama ya same ni ina tankaɗe, ba hanyar gudu. Ya durƙusa, gumi na zuba masa.

"Iya, a taimaka mini da ruwa."

Na shiga ɗaki. Kofuna na nan a jere, amma kwanon na ɗauko. Ya daɗe yana kallonsa. Ya yi bisimilla, ya juyo da tsagar wajen bakinsa, ya shanye. Ya miƙo, ya ce in ƙara masa. Na ƙara.

Tun ranar nake juya abin, yana hana ni zama wuri ɗaya. Ban sani ba ko yafe masa na yi, ko jifansa na yi. Maigida ne zai gaya mini, kuma ba ya nan. Bar shi haka, kada ki zaɓa mini.